Katifa mafi tauri ce za ta raba ni da ciwon ƙugu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan da sayen katifarmu, yanzu ta yi rami a tsakiya. Kusan kullum da ciwon ƙugu nake tashi, sai na ɗan zazzaga yake sakina. Abokai sun ce in nemi wadda ta fi kowace tauri, irin da ake kira otofedik. Nauyina kilo 95 ne, rigingine nake kwanciya. Maiɗakina ba ta kai kilo 60 ba, a gefe take kwanciya, kuma da muka kwana kan katifa mai tauri a wani masauki da ciwon kafaɗa ta tashi. Ni ga yawan gumi da dare, ita ga atishawa da safe, kuma muna sa ran ƙaruwa nan da wata uku. Wace katifa za mu saya, da wane irin filo da zanin gado?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ya sauki maiɗakinka lafiya.

Na yi shekaru a ɗakin gwaji na wata masana'antar katifa. Aikina in yanko soso, in auna shi, in sa inji ya yi ta dukansa har ya gaji, sannan in rubuta abin da ya rage masa na ƙarfi. Ta wannan ƙofar zan shigo maka. Inda magana ta zama ta likita zan nuna maka, don ba hurumina ba ne.

Abokanka sun gwama abu biyu, tauri da tallafi. Tauri shi ne abin da tafin hannunka ke ji idan ka danna saman katifa. Tallafi kuwa shi ne yadda katifar ke riƙe ƙashin bayanka a yanayinsa na halitta har gari ya waye. Ƙashin baya ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Dubi mutum daga gefe: wuyansa ya lanƙwasa ciki, gadon bayansa ya ɗan turo waje, ƙugunsa ya sake komawa ciki. Nauyin jiki kuma ba a rabe yake daidai ba, mafi yawansa na tsakanin ƙirji da mazaunai. Idan ka kwanta rigingine kan abin da ya cika tauri, mazaunai da allon kafaɗa ne kaɗai za su taɓa shimfiɗa, ƙugu ya kwana a sama ba abin da ya tokare shi, tsokar wurin ta kwana tana aiki. Idan kuma ya cika laushi, mazaunai su nutse fiye da kafaɗu, ka kwana a lanƙwashe kamar wanda aka ɗauko a cikin zani. Duk biyun da ciwo za ka tashi. Mai kwanciyar gefe tasa ta fi tsanani, domin kafaɗa da kwatangwalo ne ke ɗauke da shi, kuma dole su ɗan nutse kafin ƙashin baya ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu. Maiɗakinka ba ta da nauyin da za ta danna soso mai tauri ya ba ta wuri, shi ya sa kafaɗarta ta biya bashin wancan daren na masauki.

An taɓa gwada wannan magana ta abokanka. A shekarar 2003 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Aka ba wasu katifa mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wacce suka samu ba. Bayan kwana 90, masu matsakaiciyar sun fi samun sauƙi, a kwance da lokacin tashi da kuma cikin harkokinsu na yini. Tun daga nan likitoci da yawa suka rage cewa a je a kwanta kan abu mai tauri kamar katako. Sai dai ka lura, matsakaici ba abu ɗaya ba ne ga kowa. Katifar da mai kilo 55 zai ce ta yi masa tauri, kai mai kilo 95 kana hawa za ka ce ta yi laushi.

Ita kuma kalmar otofedik, sunan talla ce. Ba wani ma'auni guda da aka yarda da shi a duniya da katifa za ta cika kafin a manna mata wannan suna. Sau da yawa abin da ke ciki guntattakin soso ne da aka niƙa, aka zuba gam, aka matse da tururi ya zama dunƙule mai nauyi da tauri. Wannan dunƙule ba shi da laifi a matsayin gindi, yana daɗewa ƙwarai. Laifin shi ne a ce mutum ya kwanta a kansa kai tsaye ba tare da wani laushi a sama ba.

Kafin ka fitar da kuɗi, tabbatar cewa katifar ce mai laifi. Yaye zanin gado, ka ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ko igiya a ɗame daga gefe zuwa gefe, ka auna zurfin ramin. Idan ya kai santimita 3 zuwa 4 ba kowa a kai, ta gama aiki. Sannan ɗaga ta ka duba gadon. Na sha ganin wanda ya zo yana zagin soso, ashe katakon tsakiya ne ya karye ko ya lanƙwasa, kuma sabuwar katifa ma da ya ɗora a kai wata uku ba ta yi ba ta bi sawun tsohuwar. Katifar soso tana son tazarar katakan ƙasa kada ta wuce santimita 7 ko makamancin haka, kuma gadon mutum biyu yana buƙatar dogon katako a tsakiya mai ƙafarsa da ta taɓa ƙasa. Yadda ka ce ciwon na sakinka bayan ka ɗan zazzaga, ga kuma rami ana gani, ya yi kama da na shimfiɗa. Wata alama ita ce ka kwana wani wuri ka tashi garau.

Ga inda zan miƙa ka ga likita. Idan ciwon na tashinka cikin dare kuma sauya kwanciya ba ya rage shi, ko yana sauka ƙafa da dindiris ko rauni, ko yana tare da zazzaɓi ko rama ba dalili, ko bayanka na sandarewa fiye da rabin awa kowace safiya wata da watanni, to katifa ba za ta yi maganinsa ba. Idan kuwa aka samu mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ko bayan gida ya fara kufcewa, wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti.

To, mu shiga cikin katifar kanta, wurin da na fi sani.

Soson da ke cikin yawancin katifu asalinsa wani sinadari ne da Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa a Jamus a 1937. A masana'anta ana gauraya ruwan sinadarai iri biyu da ɗan ruwa na gaske. Wannan ruwan ne ke haifar da iskar da ke kumbura haɗin, ya tashi ya zama soso cikin 'yan mintoci. Ga sirrin da mai saye bai sani ba: idan aka ƙara ruwa, soson zai fi kumbura, a samu katifu da yawa da sinadari kaɗan, kuma zai fito da tauri a hannu. Wato soso mai araha yakan zama maras nauyi kuma mai tauri a lokaci guda. Kana danna shi a shago za ka ce ka samu ƙarfe. Amma bangon 'yan ramukan da ke cikinsa sirara ne, suna karyewa da danni, sai bayan shekara ɗaya ko biyu wurin da kake kwanciya ya lotsa ya ƙi dawowa. A ɗakin gwaji mukan sa inji ya danna yankin soso sau 80,000 da nauyin da ya kai kusan kilo 75, mu sake auna shi. Wanda ya fi cika baki da tauri a ranar farko sau da yawa shi ne ke fara zubewa.

Abin da ke nuna daɗewa shi ne yawan sinadarin da ke cikin soson, abin da 'yan sana'a ke kira densiti, wato kilo nawa ne nauyin soson da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri. Ƙasa da 25, soson matashin kujera ne ko na gadon baƙo. Na kwanciyar kullum ga babba a nemi 30 zuwa sama, mai jiki irinka kuwa 35 zuwa sama zai fi kwantar mini da hankali. Idan mai shago bai san lambar ba, ko ka ga yana inda-inda, ma'auni zai gaya maka. Katifar soso zalla mai tsawon santimita 190, faɗi 150, kauri 20, idan densitinta 30 ne za ta kai kusan kilo 17. Idan ka ɗora ta a sikeli ka ga kilo 10, densitinta bai wuce 18 ba, komai kyan yadin da aka lulluɓe ta da shi. Akwai dai masu wayo da ke zuba garin dutse cikin haɗin don ya yi nauyin ƙarya. Irin wannan soson idan ka murza guntunsa za ka ji gari-gari a yatsa, kuma yana yagewa da sauƙi idan ka ja. Kauri kuwa kada ya ruɗe ka. Santimita 20 na soso mai kyau ya fi santimita 35 na iska.

Akwai soso mai riƙe sawu, wanda ake kira memori fom, irin wanda idan ka ɗaga hannu shatinsa ke ɗan daɗewa kafin ya ɓace. Wani injiniya, Charles Yost, ya samar da shi a 1966 ƙarƙashin aikin hukumar NASA ta Amurka don kujerun jirgin sama, sai a 1991 wani kamfani a Siwidin ya fito da shi a katifar Tempur. Wajen rage danni a kafaɗa da kwatangwalo babu kamarsa, kuma idan ɗaya ya juya ɗayan ba ya ji. Maiɗakinka za ta so shi. Kai ne ba za ka so shi ba. Ɗumin jiki ne ke sa shi yin laushi, sai ya rungume mutum, ya rage wurin da iska ke ratsa fata, mai gumi ya kwana a jiƙe. Wanda aka zuba wa shuɗin sinadarin sanyaya yakan yi sanyi a mintocin farko, amma da zarar ya ɗauki zafin jiki shi ke nan. Yana kuma wahalar juyi, abin da mai tsohon ciki ba ta buƙata. Idan za a sa shi, ya zama siriri a sama, santimita 4 zuwa 5, kuma densitinsa ya kai 50.

Soson roba, wato lateks, daga ruwan itacen roba ake yinsa. Kamfanin Dunlop na Ingila ne ya gano yadda ake kaɗa ruwan ya zama kumfa a gasa shi a 1929, daga baya aka samu hanyar Talalay wadda ke fitar da shi da laushi da yawan ramukan iska. Yana lotsawa inda aka danna, ya dawo nan take, bai cika riƙe zafi kamar mai riƙe sawu ba, kuma a duk sosunan da na gwada shi ya fi jure duka. Mai kyau kan wuce shekara 10 ba tare da ya yi rami ba. Aibinsa nauyi da tsada, kuma hasken rana kai tsaye na sa shi bushewa ya rududduge, don haka ba a shanya shi. A kuma karanta takardar da kyau, don wani lateks ɗin na sinadarin man fetur ne, wani gauraye. Wanda jikinsa ba ya shiri da safar hannu ta roba ya tambayi likita tukuna.

Sai mai waya, wato sifirin. Iri biyu za ka fi gani. Tsohon yayi, Bonnell, wayoyinsa a ɗaure suke da juna, shi ya sa idan mai nauyi ya kwanta gaba ɗaya shimfiɗar ke karkata wajensa, maras nauyi ya yi ta gangarowa, idan ya juya kuma kowa ya farka. Ga ku da tazarar fiye da kilo 35 a tsakaninku, ka manta da wannan. Ɗayan shi ne wanda kowace waya ke cikin aljihun yadinta ita kaɗai, ƙirar da James Marshall ya yi wa rajista a Kanada a 1900. Kowace waya nauyin da ke kanta kawai take amsawa, sai kafaɗa ta nutse ƙugu kuma ya samu tokari. Kuma da yake cikin katifar fili ne, iska na yawo, duk juyin da ka yi kamar ka hura mata numfashi ne. Ka sani dai, a irin wannan katifa ba wayar ce ke fara mutuwa ba, soson da aka shimfiɗa a kanta ne. Don haka tambayar densiti tana nan, kada yawan wayoyin da aka rubuta a kwali ya mantar da kai.

Katifar auduga ko ta audugar rimi tana da sanyi, ta auduga kuma tana shan gumi, amma kowacce tana dunƙulewa ta yi gargada, sai an riƙa buɗe ta ana sake shiƙar audugar ana ƙarawa. Ta zaren ɓawon kwakwa tana shan iska sosai, sai dai tauri gare ta, gindi ce mai kyau, ba sama ba.

Da ni ne ku, ga abin da zan yi. Gindi mai ƙarfi saboda kai, sama mai laushi saboda ita. Ko dai sifirin mai aljihu da lateks na santimita 5 zuwa 7 a kai, ko kuma, idan kuɗi bai kai ba, soso mai densiti 35 na kamar santimita 15 da wani mai laushi na santimita 5 a sama. Hanya ta biyu tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: idan saman a ware yake, ranar da ya gaji shi kaɗai za ka sauya. Idan kuma kun gwada kun kasa haɗuwa a kan guda, ba abin kunya ba ne a jera katifu biyu na mutum ɗai-ɗai masu kauri ɗaya a kan gado guda, kowa da taurin da ya karɓe shi, a rufe su da zanin gado ɗaya. A Jamus da maƙwabtanta haka ma'aurata da yawa ke yi. Ka kuma duba faɗi. Gado mai santimita 135 idan aka raba biyu kowa 67 da rabi ya samu, kusan faɗin gadon jariri. Ku nemi 150 aƙalla, 180 idan ɗaki zai ɗauka. Tsawo ya fi dogon cikinku da santimita 10 zuwa 15.

Ranar saye ku je tare. Danna katifa da hannu ko zama a bakinta ba ya gaya maka komai sai ƙarfin bakin. Cire takalmi ka kwanta yadda kake kwana, minti 10 zuwa 15, ko da mai shago zai yi ta kallon agogo. Kana rigingine, zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugunka. Idan ya shige fayau da sauran fili, ta yi maka tauri. Idan ya ƙi shiga sam kuma kana jin mazaunanka sun fi ƙirjinka nutsewa, ta yi laushi. Wadda ta dace, hannun zai shiga da ɗan matsi. Ita kuma ta kwanta a gefe da filo, ka tsaya bayanta ka duba ko daga ƙeya zuwa ƙarshen baya layi ɗaya ne. Sannan ka juya da ƙarfi, ta gaya maka ko ta ji. Idan kamfanin na ba da damar gwaji a gida a mayar, karɓi wannan da hannu biyu, domin jikin da ya saba da rami yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya yarda da sabuwar shimfiɗa, kuma jiki magayi ne, bayan wata guda ba zai ɓoye maka ba.

Filo kuwa, rabin ciwon wuyan da ake ɗora wa katifa nasa ne. Aikinsa ya cike gurbin da ke tsakanin kai da katifa, ba ya ɗaga kai ba. Kai mai rigingine siriri kake so ko matsakaici, wanda haɓarka ba za ta duƙo kan ƙirji ba, kuma kafaɗunka su kasance a kan katifa, ba a kan filon ba. Ƙara wani ƙarami ƙarƙashin gwiwoyi, tun daren yau ma, za ka ji ƙugunka ya saki. Ita mai gefe tana buƙatar mai tsayi da zai cike faɗin kafaɗarta, galibi santimita 10 zuwa 14, da wani tsakanin gwiwoyi don kada ƙafar sama ta ja kwatangwalo. Sai kun zaɓi katifa sannan ku zaɓi filo, domin idan kafaɗa na nutsewa sosai, tsayin filon da ake buƙata raguwa yake yi. Na fi son wanda ke da zif, a iya rage cushen ko a ƙara. Na zaren roba mai araha shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Naɗe shi biyu ka saki, in bai miƙe da kansa ba ya mutu.

Batun guminka, zanin gado ya fi katifa tasiri, don shi ke manne da fata. Jiki sai ya zubar da ɗan zafinsa kafin barci ya yi nauyi, duk abin da ya hana shi kuwa zai sa ka yi ta farkawa. Yadin roba, irin mai santsi da ake kira maikurofaiba, yana da araha, ba ya yamutsewa, amma zarensa ba ya shan ruwa kuma saƙarsa a matse take. Auduga zalla ka nema, ko lilin idan da hali, wanda ya fi auduga saurin bushewa kuma yana ƙara laushi da wanki. A audugar ma saƙa ta bambanta. Akwai ta zare ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba ta ƙyalli, tana da ɗan kaushi da sanyi a fata, ita ce taka. Akwai mai sheƙi da santsi wadda zare uku ko huɗu ke tsallake ɗaya, ta fi kyan gani amma ta fi ɗumi. Lambar yawan zare da ake bugawa a leda da manyan baƙi, 800 ko 1,000, kada ta ɗauke maka hankali. Ana nufin zaren da ke cikin inci ɗaya tsawo da faɗi, kuma wurin ba ya ɗaukar zare mai kyau da yawa haka, sai dai a murɗa sirara biyu ko uku a ƙirga kowane daban. Tsakanin 200 da 400 na auduga mai dogon gashi, irin ta Masar ko Pima, ya wadatar, ya ma fi shan iska. Wanda ake cewa na gora ne, yawancinsa an narkar da goran ne da sinadari aka ja zare, har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sha cin tarar masu sayar da shi da sunan gora zalla. Yana da laushi da sanyi, ba laifi, amma bai kai auduga jure wanki ba. Abin rufa kuwa kowa ya yi nasa, naka mara nauyi, ita yadda take so.

Atishawar safe sau da yawa daga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune a katifa da filo, dangin kaska, ba su kai rabin milimita ba. Ba sa cizo. Ɓawon fatar da muke zubarwa suke ci, laima suke so, kashinsu ne ke tayar da hanci da asma. Ruwan sanyi yana wanke ƙurarsu amma ba ya kashe su, sai ruwa mai zafin digiri 60. A wanke zanin gado da rigar filo duk mako, a busar da su ƙarau. Da safe kada a yi gaggawar lulluɓe gado, a yaye a bar shi ya sha iska. A sa wa katifa da filo riga mai matsattsiyar saƙa da ake cirewa a wanke, duk da cewa rigar ita kaɗai ba ta warkar da kowa. Juna biyu ma kan kawo toshewar hanci, don haka ta faɗa a wurin awo, kada ta sha magani da kanta.

Ledar da katifa ta zo a ciki, a cire ta. Na san zafin kuɗin da aka kashe ke sa mutum ya bar ta, amma leda na tare gumi, ta hana soso numfashi, ta haifar da fumfuna, ga zafi ga ƙara. In ana tsoron jiƙewa, akwai rigar katifa mai auduga a sama da siririn rufi a ƙasa, tana tare ruwa tana barin tururi ya wuce, kuma da jariri a hanya za ku buƙace ta. Tabo ɗaya ma kan soke garanti a kamfanoni da yawa, don haka karanta takardar, ka ga zurfin ramin da suke amsa laifinsa. Sabon soso yakan yi wari na 'yan kwanaki, a bar shi a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga kafin mai ciki ta hau. Idan an rubuta kada a cire rigar ciki, to kada a cire ko da akwai zif, don wasu kamfanoni na sa zaren gilashi a ƙarƙashi saboda gobara, in ya watsu a ɗaki ƙaiƙayi da tari sai an sha wahala kafin a rabu da shi. Duk wata uku zuwa shida a juya kai ya koma ƙafa. Kifewa kuwa sai wadda aka yi da fuska biyu, mai laushi a sama kaɗai ba a kife ta. Idan a ƙasa za a shimfiɗa ta, a riƙa jingine ta da bango duk mako ƙasanta ya bushe.

Tunda cikin ya shiga watanninsa na ƙarshe, kwanciyar gefen da ta saba ita ce daidai. Likitoci na ba da shawarar daga mako na 28 mai ciki ta riƙa fara barci a gefe, domin a rigingine nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Dogon filo da za ta runguma, ya tallafi ciki ya shiga tsakanin gwiwoyi, zai taimaka mata.

Duk abin da na faɗa kan laushi bai shafi jaririn ba. Shi tauri ake nema masa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwarorinta sun daɗe a kan magana ɗaya: a kwantar da shi rigingine, kan shimfiɗa mai tauri da ba ta karkata ba, a gadonsa shi kaɗai kusa da naku, aƙalla watanni shida na farko. Ba filo, ba bargo mai cushe, ba 'yar tsana, ba soso mai riƙe sawu, har ya shekara. Danna katifarsa da tafin hannu, in ta riƙe shatin hannunka ba ta yi ba. Ta kuma cika gadon tsaf, yadda yatsu biyu ba za su shige tsakaninta da katakon gefe ba.